Zaɓen maganin homiyofati ga mutum da dabba: nazarin hukuncin da aka yanke a Birtaniya a 2017

A cikin watan Nuwamban 2017, hukumomi biyu a Birtaniya suka yanke hukunci a kan magani iri ɗaya, ɗaya game da dabbobi, ɗayar kuma game da mutane. A ranar 2 ga watan, majalisar gudanarwa ta Kwalejin Likitocin Dabbobi, wato RCVS, wadda ita ce ke yi wa likitocin dabbobi rajista tare da ladabtar da waɗanda suka saɓa ƙa'ida, ta amince da matsayar cewa babu tabbatacciyar hujjar da ke nuna maganin homiyofati yana aiki, kuma ba a gina shi bisa ingantattun ƙa'idojin kimiyya ba. Kafin watan ya ƙare, hukumar lafiya ta Ingila, wato NHS, ta shawarci likitocinta da su daina rubuta wa marasa lafiya shi da kuɗin gwamnati. Wannan nazari ya fi karkata ga hukuncin farko, domin a wurin dabba ne tambayoyin suka fi fitowa fili: wa ke zaɓen maganin, da me yake dogara wajen zaɓen, kuma wa ke ba da shaidar cewa an samu sauƙi.

Yadda ake zaɓen maganin

Wanda bai taɓa cin karo da homiyofati ba zai iya ɗauka cewa maganin gargajiya ne irin na saiwa da sassaƙe, alhali kuwa hanyarsu ba ɗaya ba ce. Jiƙon sassaƙe yana ɗauke da sinadarin itacen da aka jiƙa, ko ya amfanar ko ya cutar. Shi kuwa homiyofati tsari ne da wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, wanda ya rayu daga 1755 zuwa 1843, ya ƙirƙiro. A 1790, yana cikin fassara littafin magunguna na wani likitan Scotland mai suna William Cullen, sai ya ci karo da bayanin ɓawon itacen sinkona, wanda daga jikinsa ake samun kwinin na zazzaɓin cizon sauro. Ya sha ɓawon yana lafiya lau, ya ce ya ji alamu masu kama da na zazzaɓin. A kan haka ya kafa ƙa'idar da ya wallafa a 1796, cewa abin da ya jawo wa lafiyayye wasu alamu shi ne zai warkar da marar lafiyar da ke da irin alamun. Da wannan ƙa'ida ne ake ba mai mura, wanda idanunsa ke hawaye hancinsa ke yoyo, maganin da aka yi da albasa, a kuma ba wanda barci ya ƙaurace wa maganin da aka yi da gahawa.

Saboda haka mai homiyofati ba ya tsayawa ga sunan ciwo. Zaman farko da marar lafiya yakan kai awa guda ko fiye, ana ta tambaya: da wane lokaci ciwon ya fi tsananta, zafi ke sauƙaƙa shi ko sanyi, ruwa kake kwankwaɗa ko kurɓa kake yi kaɗan-kaɗan, ta wane gefe kake kwanciya, me kake tsoro, idan ranka ya ɓaci kana son a lallashe ka ko a ƙyale ka. Daga nan sai a buɗe kundin alamu, wanda mafi shahararsa shi ne na Ba'amurke James Tyler Kent da ya fito a 1897, inda aka jera dubban alamu, kowace da magungunan da aka ce sun dace da ita. Maganin da ya fi yawan bayyana a ƙarƙashin alamun mutumin shi ake ɗauka.

Misali ɗaya zai nuna yadda zaɓen yake. Mutum biyu suna fama da ciwon gaɓɓai. Na farko ya ce da zarar ya motsa ciwon ke ƙaruwa, ya fi son ya kwanta shiru kada kowa ya dame shi, ga ƙishirwa mai yawa. Littattafan homiyofati za su nuna masa Bryonia. Na biyu ya ce da safe jikinsa a sandare yake tashi, amma idan ya ɗan taka sai gaɓɓan su saki, kuma sanyi da damshi ne ke tayar masa da ciwon. Shi kuma Rhus toxicodendron za a ba shi. Wanda ke da yawan kuka da son a rarrashe shi, ba ya jin ƙishirwa, ya fi sakewa a sarari inda iska ke kaɗawa, nasa Pulsatilla ne. Wanda ya kasa zama wuri ɗaya, mai tsananin son tsabta da tsari, wanda ciwonsa ke tashi bayan tsakar dare, nasa Arsenicum album ne. Dole a yaba wa tsarin ta fuska ɗaya: marar lafiyar da ya saba da likitan da ke sallamarsa cikin minti goma zai ji daɗin samun wanda ya zauna ya saurare shi har ya gama.

Sai dai abin da ake zuba masa a kwalba bayan wannan dogon bincike shi ne inda gizo ke saƙa. Ana ɗaukar kashi ɗaya na asalin sinadarin a zuba cikin kashi 99 na ruwa ko barasa, a girgiza da ƙarfi, wannan shi ne matakin 1C. A ɗebi kashi ɗaya daga ciki a sake zubawa cikin wani sabon kashi 99, ya zama 2C, haka za a yi ta yi. Lissafin ilimin sinadarai ya nuna cewa daga wajen 12C da wuya a samu ko da ƙwaya ɗaya ta asalin sinadarin a cikin ruwan. Matakin 30C, wanda yana cikin waɗanda aka fi sayarwa a kantuna, yana nufin kashi ɗaya cikin adadin da ake rubutawa da lamba 1 da sifiri 60 a bayanta. Wannan ruwa ake ɗigawa a kan 'yan ƙwayoyin sukari a bar su su bushe. Masu homiyofati ba su musanta lissafin ba. Abin da suke cewa shi ne girgizawar tana bar wa ruwan wani tasiri, har ma suna ganin yawan surki ƙara wa maganin ƙarfi yake yi. A ma'aunin ɗakin gwaji dai, ƙwayar Bryonia ta 30C da ta Rhus toxicodendron ta 30C ba su da wani bambanci.

Idan marar lafiyar ba ya magana

Jerin alamun da ke cikin kundin, kusan dukkansu daga bakin mutane aka tattara su, mutanen da suka sha sinadari suka rubuta abin da suka ji, har da mafarkinsu da yanayin zuciyarsu. Kare ba zai faɗi ko ciwon kansa sara yake yi ko nauyi ba. Don haka likitan dabbobin da ke bin wannan hanya mai dabbar yake tambaya: karen nan yana bin ka duk inda ka nufa ko ya fi son kaɗaici, kan siminti mai sanyi yake kwanciya ko kusa da murhu, yana tsoron tsawa, yaya yake shan ruwa. Mai dabbar ne ke ba da bayanin da za a zaɓi magani da shi, shi ne ke ba da maganin a gida, kuma shi ne zai dawo bayan mako biyu ya ce an samu sauƙi ko ba a samu ba. Marar lafiyar kansa ba shi da ta cewa daga farko har ƙarshe.

Dokar Birtaniya ta ƙara wa lamarin wani abin mamaki. A ƙasar, kowa na iya buɗe wuri ya riƙa ba mutane maganin homiyofati ba tare da ya zama likita ba. Amma dokar likitocin dabbobi ta 1966 ta keɓe gano ciwon dabba da yi mata magani ga likitan da ke da rajista, in ban da 'yan abubuwan da aka togace, kamar ƙaramin maganin da mai dabba zai yi wa tasa. Ke nan duk wanda ke sana'ar rubuta wa dabbobin jama'a homiyofati bisa doka, likita ne da ya yi karatun jami'a kuma sunansa na cikin rajistar RCVS. Wannan ne ya sa kwalejin ba ta da hanyar zamewa daga maganar: mutanenta ne ke yi, da lasisinta suke yi.

Yadda rikicin ya taso

A 2016, wani likitan dabbobi mai suna Danny Chambers, wanda daga baya aka zaɓa ɗan majalisar dokoki mai wakiltar Winchester a 2024, ya jagoranci wata takardar koke da ke neman RCVS ta hana likitocinta rubuta homiyofati, kuma likitocin dabbobi fiye da 1,000 suka sa hannu. Hujjarsu ba wai ƙwayar sukari tana kashe dabba ba ce. Cewa suka yi dabbar da ke cikin ciwo ana barin ta cikin ciwon, mai ita kuma yana zaune da kwanciyar hankali cewa ana yi mata magani, tunda likita ne ya rubuta.

Ɗaya ɓangaren ma ba marasa gata ba ne. Homiyofati ya daɗe da kafuwa a ƙasar: an kafa asibitinsa a Landan tun 1849, majalisar dokoki ta yi wa ƙungiyar likitocinsa doka ta musamman a 1950, kuma gidan sarauta ya daɗe yana mara masa baya. A watan Mayun 2016, Yarima Charles, wanda yanzu shi ne Sarki, ya shaida wa wani taron masana a Landan cewa yana amfani da homiyofati ga shanunsa da tumakinsa domin rage dogaro da magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Dokar noma marar sinadari ta Tarayyar Turai ta 2008 ma ta ce a fifita magungunan tsirrai da na homiyofati a kan na kamfani, da sharaɗin cewa suna yi wa dabbar aiki a kan ciwon da ake nufi. Wannan sharaɗi shi ne ba a cika karantawa da ƙarfi ba.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Masu homiyofati sun daɗe suna kafa hujja da dabbobi. Sukan ce idan sauƙin da mutum ke ji daga yarda da magani ne kawai, to me za a ce da saniya ko kare, waɗanda ba su san an ba su komai ba? Tambayar tana da ma'ana, kuma an amsa ta da gwaji. A 2012, masu bincike a Jami'ar Minnesota ta Amurka suka duba karnuka masu ɗingishi saboda ciwon gaɓɓai, waɗanda aka ba maganin wofi da babu komai a cikinsa, ba tare da masu su ko likitocinsu sun sani ba. Kusan kashi 40 cikin 100 na lokutan da aka tambayi masu karnukan, cewa suka yi ɗingishin ya ragu, likitocin da suka duba tafiyarsu kuma sun faɗi haka a kusan kashi 45. Amma na'urar da aka shimfiɗa a ƙasa, wadda ke auna nauyin da kare ke ɗorawa a kan ƙafar da ke ciwo, ta nuna cewa a dunƙule karnukan suna nan yadda suke. Gaskiya ne kare ba ya yaudarar kansa, sai dai ba karen ake tambaya ba.

An ga irin haka a Ingila a 2008, a wani gwaji na Jami'ar Lincoln kan karnukan da ke firgita da ƙarar wasan wuta. An ba wasu maganin homiyofati, wasu kuma na wofi. Masu karnukan ɓangarorin biyu duk suka ba da rahoton cewa tsoron ya ragu sosai, kuma ba a samu bambanci tsakanin ɓangarorin ba.

Amsar da aka saba ji ga irin wannan sakamako ita ce ba a yi homiyofati na gaskiya ba, tunda magani ɗaya aka ba kowa maimakon a zaɓa wa kowace dabba nata. Shi ya sa gwajin da mujallar Veterinary Record ta wallafa a 2017 ya fi kowanne nauyi a wannan lamari. Kyanwoyi aka ɗauka masu ciwon da ya zama ruwan dare ga tsofaffinsu, inda halittar tayirod da ke wuya, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo ga mutum, take fitar da sinadarinta fiye da kima. Irin wannan kyanwa tana ci kamar ba gobe amma tana ramewa, zuciyarta na bugawa da sauri. Kyawun wannan ciwo ga mai bincike shi ne ana auna shi da gwajin jini, da sikeli, da ƙidayar bugun zuciya, babu buƙatar a tambayi kowa ra'ayinsa. An zaɓa wa kowace kyanwa maganinta bisa alamunta da halinta kamar yadda tsarin ya tanada, sannan aka yi ƙuri'a: wasu suka sami maganin da aka zaɓa musu, wasu suka sami na wofi, ba tare da masu su ko masu aunawa sun san wa ya sami me ba. Bayan kwana 21 aka sake awo. Sinadarin da ke cikin jini bai sauka ba, nauyi bai ƙaru ba, bugun zuciya bai ragu ba, a ɓangarorin biyu. Daga nan aka ba dukkansu methimazole, maganin da aka saba bayarwa, na wasu kwana 21, sai sinadarin ya sauka, bugun zuciya ya lafa, kyanwoyin suka fara mayar da jiki.

A ɓangaren dabbobin kiwo kuma, masu bincike biyu daga Jami'ar Kassel ta Jamus, Caroline Doehring da Albert Sundrum, sun tattara gwaje-gwaje 52 da aka yi kan shanu da aladu da kaji tsakanin 1981 da 2014. Fiye da rabinsu sun ba da sakamakon da ya goyi bayan homiyofati, kuma adalci ne a faɗi haka. Amma sun lura cewa babu ko ɗaya da aka maimaita a yanayi iri ɗaya don a tabbatar da shi, kuma da yawa suna da rauni a tsarinsu, saboda haka suka ce ba za a iya ba da shawarar a maye gurbin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da shi ba. Sakamakon ya yi daidai da na mutane: kwamitin kimiyya na majalisar dokokin Birtaniya a 2010, da hukumar binciken lafiya ta Ostireliya a 2015 bayan ta duba nazarce-nazarce 176 kan cututtuka 61, duk sun ce ba su sami ingantacciyar hujjar cewa ya fi maganin wofi ba.

Hukuncin da abin da ya biyo baya

RCVS ba ta hana ba. Abin da ta ce shi ne tana sa ran duk maganin da likita zai bayar ya kasance da hujja ko tushen kimiyya, kada likita ya yi iƙirarin da ba a tabbatar ba game da kowane magani, har da na rigakafi, kuma magunguna irin su homiyofati a ɗauke su a matsayin ƙari, ba madadi ba. Jigon matsayar shi ne kada su jinkirta ko su maye gurbin maganin da aka tabbatar yana aiki. Ambaton rigakafi ba a banza aka yi shi ba, domin akwai wasu ƙwayoyin homiyofati da ake yi daga majina ko jini ko naman dabbar da ta kamu da cuta, a surka su, a sayar wa masu karnuka da kyanwoyi a matsayin madadin allurar rigakafi. Tun a 2010 hukumar kula da magungunan dabbobi ta ƙasar ta yi gargaɗi a kansu.

Babu ɓangaren da hukuncin ya gamsar. Ƙungiyar likitocin dabbobi masu homiyofati ta ce an tauye wa likita 'yancin yin hukunci a kan dabbar da ke gabansa, an kuma tauye wa mai dabba 'yancin zaɓi, har magoya bayansu suka yi zanga-zanga a ƙofar ofishin kwalejin a Landan a 2018. Masu koken kuwa suna ganin an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. A ganina akwai tufka da warwara a cikin matsayar, domin da wuya a fahimci yadda hukuma za ta ce abu ba shi da hujja ba shi da tushe, sannan ta bar likita ya karɓi kuɗi a kansa. Duk da haka ana iya gane dalilin tsayawa a tsakiya. Mai karen da ya yi imani da homiyofati ba zai daina ba don an hana likita. Zai sayi ƙwayoyin ta intanet, ya zaɓa da kansa daga wani ɗan littafi, karen kuma ya rasa wanda zai taɓa cikinsa ya ji ƙari ko ya aika jininsa gwaji. Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba alhakin kare ta daga ciwo da wahala, amma doka ba ta shiga ɗakin kowa ta auna kyanwa.

Hujjar 'yancin zaɓi ma ba nauyi ɗaya gare ta ba a ɓangarorin biyu. Baligi mai hankali da ya zaɓi ƙwayar sukari don murarsa, jikinsa ne da kuɗinsa, kuma mura za ta tafi da kanta. Dabba da ƙaramin yaro kuwa wani ne ke zaɓa musu, su ne kuma ke ɗaukar sakamakon. Hatta ga baligin, haɗarin yana bayyana idan ciwon ba mai tafiya da kansa ba ne. A 2006, wani binciken shirin Newsnight na BBC ya gano masu homiyofati a Birtaniya suna ba matafiya zuwa ƙasashen da ake fama da zazzaɓin cizon sauro ƙwayoyinsu a matsayin rigakafi. Peter Fisher, wanda shi ne shugaban likitocin asibitin homiyofati na Landan a lokacin, ya fito ya yi tir da hakan, ya ce babu wani abu a homiyofati da ke kare mutum daga wannan zazzaɓi. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada a dogara da shi wajen maganin tarin fuka, da cutar ƙanjamau, da zazzaɓin cizon sauro, da gudawar jarirai.

A ɓangaren mutane hukuncin ya fi tsauri, ko da yake kuɗin da ake magana a kai bai taka kara ya karya ba, tunda abin da NHS ta kashe kan rubuta homiyofati a Ingila a 2016 bai kai fam 100,000 ba. Shugaban hukumar na lokacin, Simon Stevens, ya ce iyakar abin da za a ce da shi maganin wofi ne, kuma ɓarnar kuɗin da ba su wadata ba. Ƙungiyar homiyofati ta Birtaniya ta kai ƙara babbar kotu tana ƙalubalantar yadda aka tuntuɓi jama'a kafin yanke shawarar, kotun kuma ta kori ƙarar a watan Yunin 2018. A wannan shekarar asibitin Landan, wanda tun 2010 aka cire homiyofati daga sunansa, ya daina bayar da maganin da kuɗin gwamnati. A watan Janairun 2021 hukumar da ke tantance ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya ta dakatar da amincewar da ta yi wa babbar ƙungiyar masu homiyofati waɗanda ba likitoci ba. Ana ci gaba da sayar da ƙwayoyin a kantunan magani ga duk mai so, likitan dabbobi kuma yana iya rubuta su, amma idan aka kai ƙararsa gaban kwalejin kan dabbar da ta wahala, zai bayyana irin gwajin da ya yi mata da maganin da ya ba ta tare da su.